Yadda Gasannin Talabijin Suka Sauya Duniyar Rawa

Shirye-shiryen talabijin na zahiri, wato waɗanda ake tara mutanen gaske su fafata a gaban kyamara ana korarsu ɗaya bayan ɗaya, sun shiga harkar rawa gadan-gadan daga shekarar 2004. Daga lokacin zuwa yau babu ɓangaren sana'ar da ba su taɓa ba. Sun taɓa sunan mai rawa da aljihunsa, sun taɓa abin da ake koya wa yara a makarantun rawa, sun kuma taɓa ita kanta rawar: tsawonta, saurinta, da abin da jama'a suke ɗauka shi ne gwaninta.

Rawa ba baƙuwa ba ce a akwatin talabijin. BBC ta yi kusan shekara 50 tana nuna wani shiri mai suna Come Dancing, inda ma'abota rawar zaure, irin wadda namiji da mace suke yi bibbiyu, suke karawa daga sassan Birtaniya, kafin a dakatar da shi a 1998. A Amurka shirin Soul Train, wanda ya karaɗe ƙasar daga 1971, ya kai takun matasa baƙar fata har cikin gidajen da ba su taɓa ganinsa ba. A Indiya an fara gasar Boogie Woogie a 1996. Abin da sababbin shirye-shiryen suka ƙara shi ne ƙuri'ar mai kallo, da kora mako-mako, da shigar kyamara ɗakin atisaye, inda ake ganin gumi da kuka da saɓani. Da haka rawa ta tashi daga kallon dare ɗaya, ta koma labari mai dogon zango da ake bi wata da watanni.

A watan Mayun 2004 ne BBC ta fara Strictly Come Dancing. Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa. A ɗauko sanannen mutum wanda rawa ba sana'arsa ba ce, ɗan jarida ko ɗan wasa ko 'yar fim, a haɗa shi da ƙwararre, su kwashe mako guda suna koyon rawa ɗaya, ranar Asabar su fito. Alƙalai su ɗaga allon maki daga 1 zuwa 10, sannan jama'a su kaɗa ƙuri'a. Wadda ta fara lashe gasar, Natasha Kaplinsky, mai karanta labarai ce. An sayar da tsarin ga ƙasashe fiye da 50, galibi da sunan Dancing with the Stars, wanda tashar ABC ta fara nunawa a Amurka a 2005. A wannan shekarar ce kuma Simon Fuller da Nigel Lythgoe suka ƙaddamar da So You Think You Can Dance a tashar Fox. Shi wannan ba ruwansa da taurari. Matasa ne da suka riga suka iya rawa ake bi gari-gari ana tantancewa, a tsamo 'yan kaɗan daga cikin dubbai. Yawancin gasannin da suka biyo baya, ko dai sun bi sawun wannan ko sun bi na wancan.

Riba ta farko da masu rawa suka ci ita ce suna. A da, mai rawa a harkar nishaɗi kamar ɗan amshi yake: da shi ake yin waƙar, amma sunan mai waƙa kaɗai ake riƙewa. Gasar rawar zaure ta Blackpool a Ingila tana gudana tun 1920, kuma ita ce mafi daraja a fagenta, amma zakarunta suna iya ratsa kasuwa babu wanda ya waiwaya. Talabijin ya canja wannan. Derek Hough ya lashe Dancing with the Stars sau 6, ya karɓi lambobin yabo na Emmy, daga baya ya hau kujerar alƙalanci. Oti Mabuse, 'yar Afirka ta Kudu, ta lashe Strictly shekara biyu a jere, 2019 da 2020, a lokacin da yayarta Motsi take cikin alƙalan shirin. Ariana DeBose, wadda aka kora da wuri daga So You Think You Can Dance a 2009, ta ci gaba da sana'a har ta karɓi lambar Oscar a 2022 saboda rawar da ta taka a fim ɗin West Side Story.

Masu rawar titi ma sun samu nasu rabon. Ƙungiyar Jabbawockeez, masu rufe fuska da farin takunkumi, sun lashe zangon farko na America's Best Dance Crew a 2008, kuma zuwa 2010 suna da wasan kansu a Las Vegas, garin da aka saba ba mawaƙa da masu dabo manyan dandamali. A 2009 ƙungiyar Diversity, ƙarƙashin Ashley Banjo, wanda mahaifinsa ɗan damben zamani ne daga Nijeriya, ta kayar da mawaƙiya Susan Boyle a Britain's Got Talent, a daidai lokacin da duniya take ganin babu mai ja da ita. A Koriya ta Kudu, shirin Street Woman Fighter na 2021 ya ɗauko matan da suka shekara suna taka wa taurarin waƙa baya, ya kawo su gaba, har kamfanoni suka shiga rububin ɗaukarsu talla.

Wanda ya fi kowa ɓoyuwa a da shi ne mai tsara rawa, wato wanda yake zama ya ƙirƙiro takun, ya jera shi, ya koyar. Mai kallo bai cika sanin akwai shi ba. So You Think You Can Dance ya riƙa nuna shi yana aiki a ɗakin atisaye, a kira sunansa, kyamara ta nemo shi cikin 'yan kallo idan an gama. Mia Michaels ta samu Emmy a 2007 saboda wata rawa da ta tsara wa mutum biyu a kan bencin lambu. Mandy Moore, wadda ta daɗe tana tsara wa shirin rawa, ita ce ta tsara raye-rayen fim ɗin La La Land na 2016. A Indiya abin ya fi haka nisa. Remo D'Souza, ɗaya daga cikin alƙalan Dance India Dance da tashar Zee TV ta fara a 2009, ya ba da umarnin fim ɗin ABCD a 2013, ya cika shi da matasan da suka fito daga gasar. Ga masana'antar da 'ya'yan manyan gidaje suka daɗe suna riƙe da ƙofarta, wannan ba ƙaramar kafa ba ce. Wata ƙungiya daga yankin Mumbai, The Kings, ta je Amurka a 2019 ta lashe World of Dance da kyautarsa ta dala miliyan 1.

Shirye-shiryen sun kuma faɗaɗa tunanin jama'a game da wanda rawa ta dace da shi. A ƙasashen da ake yi wa yaro namiji dariya idan ya ce zai shiga ajin rawa, ganin ɗan wasan kurket Darren Gough ya lashe Strictly a 2005, da ɗan ƙwallon Amurka Emmitt Smith ya lashe Dancing with the Stars a 2006, ya rage wa abin kunya. A 2021 Rose Ayling-Ellis, 'yar wasan kwaikwayo wadda kurma ce, ta lashe Strictly. A ɗaya daga cikin raye-rayenta da Giovanni Pernice, ana tsakiyar taku sai ta kai hannu ta rufe masa kunnuwa, kiɗa ya ɗauke ɗif, zauren ya yi tsit, su kuwa suka ci gaba da juyawa ba takalmi a ƙafa, babu abin da yake riƙe da su sai ƙidaya da jikin juna, har kiɗan ya dawo ya same su daidai. Wannan ɗan lokaci ya samu lambar BAFTA a 2022. A 2024 kuma Chris McCausland, ɗan barkwanci makaho, ya ɗauki kofin.

Sai dai duk wannan alheri da farashinsa, kuma rawar ce take biya. Babban abin da talabijin ya ɗora mata shi ne agogo. Rawar gasa a irin waɗannan shirye-shirye ba ta cika wuce minti ɗaya da rabi zuwa biyu ba, domin akwai sharhin alƙalai, akwai talla, akwai sauran 'yan takara a layi. Wasan bale irin Swan Lake yakan haura awa biyu. Mai rawar Bharatanatyam a kudancin Indiya tana iya kwashe rabin awa a kan kashi ɗaya na wasanta, tana gina shi da ido da yatsu. A cikin daƙiƙa 90 babu wurin gini. Dole a kama mai kallo tun daga farko, a ba shi abin ihu a tsakiya, a rufe da abin da zai tuna lokacin da aka buɗe layin ƙuri'a. Shi ya sa tsalle-tsalle da alkafura da ɗaga mace sama da ware ƙafafu suka yawaita. Abubuwan da masana suka fi girmamawa, wato yadda ake sauya nauyin jiki daga ƙafa zuwa ƙafa, da sauraron kiɗa, da iya tsayawa cik a inda ya dace, su ne kyamara ta fi kasa sayarwa.

Kyamarar ma tana da nata hukunci. Mai kallo a zaure shi yake zaɓar inda zai duba, kuma yana ganin jiki tun daga kai har ƙafa. Mai kallo a gida abin da mai ba da umarni ya zaɓa masa yake gani. Sau da yawa ana tsakiyar taku mai wuya sai hoto ya koma kan fuskar alƙali ko kan uwa tana share hawaye. Masu tsara rawa sun gane haka, sai suka koma tsara wa kyamara: inda za a juyo a kalle ta, inda za a yi murmushi, inda za ta zagaya. Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja, kuma a nan kyamara da agogo ne suka karɓe ganga.

Wurin da wannan ya fi fitowa fili shi ne salon da ake kira rawar zamani. A tarihinta, rawa ce ta masu bijire wa al'ada. Martha Graham ta gina wata hanya ta sarrafa numfashi da gangar jiki wadda ake shekaru ana koyo. Merce Cunningham ya raba rawa da labari, ya ma raba ta da bin kiɗa. Abin da talabijin ya sa wa wannan suna kuwa wani abu ne dabam: waƙa mai sosa rai, namiji da mace, labarin rabuwa ko rashin lafiya ko mutuwa, a miƙa hannu sama, a faɗi ƙasa, a rungume. Wasu daga cikin waɗannan raye-raye suna da kyau ƙwarai, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi kuka a gaban akwatinsa. Matsalar ita ce miliyoyin mutane, har da ɗaliban da suke shiga jami'a don karatun rawa, sun taso suna zaton iyakarta ke nan, kuma rawar da ba ta ba da labari ba, ba ta ce komai ba.

Haka nan tsarin So You Think You Can Dance, inda 'yan takara suka riƙa zaro salon mako daga cikin hula, ya ɗaukaka mai taɓa ko'ina a kan mai zurfi a wuri ɗaya. Yau hip-hop, mako mai zuwa tango, na gaba rawar finafinan Indiya, kowanne a koye shi cikin 'yan kwanaki. Ga mai neman aiki a bidiyon waƙa ko yawon wasanni, wannan horo ne mai amfani, domin kasuwar haka take so. Ga salon kansa kuwa, asara ce. Tango a Buenos Aires rawa ce da mutum biyu suke ƙirƙira nan take, ba haddace ta ake yi ba. Krump, wanda ya taso a unguwannin Los Angeles a farkon shekarun 2000, fito-na-fito ne a tsakiyar da'irar jama'a, kowa yana amayar da abin da ke ransa. Idan aka ƙidaya masa taku aka juya shi ya fuskanci alƙalai, siffarsa tana nan amma dalilinsa ya tafi. Raye-rayen gargajiya na Afirka, inda makaɗi yake kallon ƙafar mai rawa suna yi wa juna tambaya da amsa, su ma da wuya su shiga kiɗan da aka riga aka yanka aka auna.

Sai batun ƙuri'a. Kambun da So You Think You Can Dance yake bayarwa na mai rawar da Amurka ta fi so ne, ba na wanda ya fi iyawa ba, kuma masu shirin ba su ɓoye haka ba. A 2008 John Sergeant, tsohon ɗan jarida mai ɗauko labaran siyasa, ɗan shekara 64, ya riƙa zuwa ƙasan jadawalin alƙalan Strictly mako bayan mako, jama'a kuwa suna ceto shi. Abin da aka fi tunawa shi ne daren da ya riƙo hannun abokiyar rawarsa, Kristina Rihanoff, yana tafiya ƙiƙam yana janta a ƙasa. Waɗanda suka fi shi iyawa suka yi ta tafiya gida. Daga ƙarshe shi da kansa ya janye, yana mai cewa akwai yiwuwar ya lashe gasar, kuma wasan zai wuce gona da iri. A Amurka babu wanda ya janye: Bobby Bones, mai gabatar da shirin rediyo, ya lashe Dancing with the Stars a 2018 alhali makinsa bai kai na abokan karawarsa ba, abin da ya sa aka gyara tsarin kora a zangon da ya biyo. Darasin da matashi yake ɗauka daga nan shi ne cewa ƙafa kaɗai ba ta isa ba, sai da labari. Ɗan gajeren hoton da ake nunawa kafin a fito, na talauci ko maraici ko jinya, yakan kawo ƙuri'ar da rawar ba ta kawo ba.

Jikin mai rawa ma yana ɗanɗanawa. Sabon salo kowane mako, a kan jikin da bai saba da shi ba, ga rashin hutu, hanya ce ta rauni. Alex Wong ya bar babban matsayi a ƙungiyar Miami City Ballet don ya shiga So You Think You Can Dance a 2010, ana ganin shi ne zai lashe, sai jijiyar agararsa ta tsinke a wajen atisaye, ya fita daga gasar zuwa ɗakin tiyata. A 2024, bayan koke-koken wasu 'yan takara game da yadda aka mu'amalance su a lokacin horo, BBC ta sanar cewa daga lokacin za a riƙa sanya ma'aikacin shirin a ɗakin atisayen Strictly. Wannan ya tono wata tsohuwar muhawara a duniyar rawa, inda malami mai tsawa da zafin hannu ya daɗe ana kallonsa a matsayin mai son ɗalibi da alheri. Akwai kuma abin da ba a cika nunawa ba: zakara ɗaya ake naɗawa, sauran su koma layin neman aiki tare da dubban da shirin ya zaburar suka shigo sana'ar, alhali guraben ba su ƙaru daidai da su ba.

Lamarin yara ya fi kowanne nauyi. Shirin Dance Moms, wanda tashar Lifetime ta fara a 2011 a makarantar Abby Lee Miller da ke yankin Pittsburgh, yakan buɗe da malamar ta liƙa hotunan 'yan mata ƙanana a jikin madubi cikin siffar dala, ta riƙa yaye su ɗaya-ɗaya daga ƙasa zuwa sama, tana faɗin laifin kowacce a gabanta da gaban uwarta. Daga nan Maddie Ziegler ta fito, wadda bidiyon waƙar Chandelier na Sia ya yi wa suna a 2014, da kuma JoJo Siwa. Amma wasu daga cikin yaran, bayan sun girma, sun bayyana irin tabon da abin ya bar musu. Shirin ya kuma ƙara wa iyaye ƙaimin auna makarantar rawa da yawan kofunan da ke kan kanta. A Indiya, a watan Yunin 2019, Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta gargaɗi tashoshi masu zaman kansu su daina sa ƙananan yara kwaikwayon raye-rayen manya na finafinai waɗanda ba su dace da shekarunsu ba.

A Afirka kamfanonin kayan sha da na sadarwa ne suka fi ɗaukar nauyin irin waɗannan gasanni. A Nijeriya Maltina Dance All ya zo da wani salo nasa, inda iyali guda, uwa da uba da 'ya'ya, suke shiga tare. Amarachi Uyanne tana da shekara 8 ta lashe zangon farko na Nigeria's Got Talent da rawa. Amma manyan ƙofofi har yanzu a waje suke. Ghetto Kids, yaran Kampala da suka fara suna da bidiyon waƙar Eddy Kenzo a 2014, sun kai zagayen ƙarshe na Britain's Got Talent a 2023. A shekarar da ta biyo baya Afronita da ƙaramar yarinya Abigail, wadda ba ta ji sosai, dukansu daga Gana, sun zo na uku a wannan shirin. Wani lokaci kuma dandamalin yakan ɗauki magana mai nauyi: rawar da Diversity suka yi a shirin a 2020 a kan kisan George Floyd ta jawo koke fiye da 20,000 zuwa hukumar Ofcom mai sa ido a kan kafofin watsa labarai, hukumar ta ƙi hukunta tashar da ta nuna ta, rawar kuma ta samu BAFTA a 2021.

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta ƙwace wani kaso na ikon talabijin. TikTok ya rage daƙiƙa 90 zuwa 15 ko 30, ya matse rawar ta koma ta hannu da kafaɗa da fuska, domin abin da tsayayyen hoton waya yake ɗauka ke nan. Gidajen talabijin sun bi sahu, suna yanka wasanninsu gutsi-gutsi don intanet, suna kuma gayyato taurarin waya. Charli D'Amelio, wadda ta lashe Dancing with the Stars a 2022, ta yi suna ne da irin waɗannan gajerun raye-raye, ciki har da wadda ake kira Renegade. Wadda ta ƙirƙiro Renegade a 2019, Jalaiah Harmon, yarinya ce baƙar fata daga yankin Atlanta, mai shekara 14 a lokacin, kuma sai a watan Fabrairun 2020, bayan jaridar New York Times ta ba da labarinta, duniya ta san sunanta. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 tana kare cikakkiyar rawar da aka tsara, amma ofishin da ke kula da dokar ba ya yi wa taku ɗai-ɗai ko rawar taron jama'a rajista.